Hannun Gwaggo da Bakin Kafinta

Har zuwa watan jiya, kullum safiya tun masu shara ba su gama goge barandar asibitin koyarwa ba, za ka ga wata gajeriyar mata mai farin gilashi tana hawa bene a hankali, riƙe da tsohuwar jakar cefane. Wanda bai san ta ba zai ɗauka abinci ta kawo wa majinyaci. Ƙoƙon kan mutum ne a cikin jakar, na roba, mai muƙamuƙin da ke buɗewa yana rufewa, an naɗe shi da tawul. Ɗalibai suna ce masa Kawu. Ita kuwa a gaban idonta Malama ce, da ta ba da baya sai ta koma Gwaggo. Ta sani sarai, amma ba ta taɓa nuna ta ji ba.

Da ta shiga ɗakin duba marasa lafiya sai ta ajiye Kawu a kan tebur yana fuskantar ƙofa, ta bi kujerun nan masu kwantar da mutum ɗaya bayan ɗaya, tana kunna fitilar kowace tana kashewa. Daga nan ta tsiyayi ruwan ɗumi daga fulas ta jiƙa hannuwanta. Sabon ɗalibi yakan yi mamakin wannan, har sai ta ce masa, "Mutum ya zo maka da ciwo a fuska, sai ka ƙara masa da sanyin yatsa?" Kafin a buɗe ƙofa ga masu jira a benci, ɗalibai sun jeru a bayanta cikin fararen riguna, kowa yana addu'ar kada tambayar farko ta faɗo a kansa.

Shekara talatin da ɗoriya ta yi tana koya wa ɗaliban likitancin haƙori cututtuka da raunukan baki da muƙamuƙi: kumburin da ke cin ƙashi a ɓoye, gyambon da ya ƙi warkewa, muƙamuƙin da ya goce ko ya karye. Yanzu ta ajiye aiki. Ba a sa hotonta a jarida ba, ba a raɗa wa wani gini sunanta ba, kuma in ka tambaye ta za ta ce gara haka. Mu dai da muka ga aikinta ba za mu yi shiru ba, don yabon gwani ya zama dole.

Babbar nas ta sashen, wadda suka tsufa tare a wurin, ita ta ba mu labarin wani dattijo mai gadi da ya zo da ciwon haƙori. Ɗalibin da ke duba shi ya gano ruɓaɓɓen haƙorin, ya shirya kayan cirewa, yana ta jin kansa. Gwaggo ta zo wucewa ta tsaya.

"Ka ɗaga harshen?"

"Malama, ai haƙori ne ke damunsa."

"Na ji. Shi haƙorin ya yi maka ƙorafi. Akwai waɗanda ba sa ƙorafi. Ɗaga mu gani."

Ya kama harshen da auduga ya ɗaga. A ƙarƙashi akwai wani farin tabo mai taurin gefe, bai kai ƙwayar wake ba, kuma dattijon bai ma san da shi ba. Da aka gwada, ciwon daji ne yana fara kafa sansani. An yanke shi tun bai yi nisa ba. Babbar nas ta ce har yau mutumin yana nan yana gadinsa, kuma ɗalibin nan, wanda yanzu shi ma babban likita ne a wani gari, ko ɗansa ne ya ce masa haƙori na ciwo sai ya ɗaga masa harshe.

Ke ce, Gwaggo, zuma ga zaƙi ga harbi. Ba ɗalibin da ya wuce ta hannunki bai sha harbin ba, kuma da wuya ka sami wanda bai dawo daga baya ya yi godiya ba.

Akwai wani darasi nata da duk wanda ya yi karatu a wurin ba ya mantawa. Muƙamuƙi in ya karye ba a sa masa filasta kamar ƙafa. Sau da yawa haƙoran sama da na ƙasa ake haɗawa a ɗaure da siririyar wayar ƙarfe, baki ya zauna a rufe makonni, har ƙashin ya kama. Mutum ba ya tauna, ba ya hamma, abinci sai mai ruwa-ruwa ta tsakanin haƙora. To, kafin Gwaggo ta bar ɗalibi ya taɓa wayar nan, sai ta sa an ɗaure masa nasa haƙoran da 'yan ƙananan robobi tun daga safe har rana ta take. Ta aike su su sayo shayi a haka, su gaisa da mutane a haka. Sauran malamai suna tsokanar ta cewa dabara ce kawai ta samun aji mai shiru. Amma akwai ƙaton saurayin da ya fashe da kuka kafin a kwance shi, don tari ya taso masa ya ji kamar zai shaƙe. Bayan wannan ranar ba sai an tuna wa kowa ba cewa duk wanda aka ɗaure wa baki, dole a damƙa wa ɗan'uwansa ƙaramin almakashin yanke waya, saboda amai ba ya sallama.

Wata ƙa'idarta kuma ita ce, kafin a murɗe wayar ƙarshe, sai an kira wanda ya san fuskar mutumin, uwa ko mata ko aboki, ya duba ya ce haka bakinsa yake rufewa tun asali. Takan ɗaga Kawu ta haɗa haƙoransa ƙas, ta ce, "Wannan bakin littafi ne. A kamfani aka yi shi. Mutane kuwa kowa da yadda Allah ya jera masa nasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Abin da ɗalibai ba su sani ba shi ne, tun bara hannun Gwaggo na dama ya fara rawa. Maigidanta, tsohon mai gyaran rediyo da ya daɗe da rufe shago, shi ya fara lura. Da safe in tana motsa shayi sai cokali ya riƙa buga kofi fiye da yadda ya saba. Wata rana ya ga ta daɗe tana fama da maɓallin riga.

"Likita," in ji shi, don haka yake kiranta in yana son jan ta da wasa, "wannan hannun naki yana neman likita."

"Gajiya ce."

"Na yi shekaru ina riƙe ƙarfen narka dalma. Na san rawar gajiya, na san wadda ba ita ba."

Tsoro ne ya kama ta, kuma ba tsoron ciwon ba ne kaɗai. A duk yankin ita ce kawai ke buɗe muƙamuƙi ta gyara. Ta horar da mutane da yawa, amma wasu sun tsallaka ƙasashen waje, wasu sun buɗe wuraren kansu suna cike haƙori da wanke shi, aiki mai tsafta wanda ba a tashin mutum daga cin abinci saboda shi. Ba ta ga laifinsu ba. Sai dai in ta tafi ba wanda ya gaje ta, duk wanda ya faɗi daga babur ya fasa haɓa sai an yi doguwar tafiya da shi zuwa wani gari, ya bi layin da ba a san ƙarshensa ba, ƙashin kuwa ba ya jiran layi. Mutum ɗaya ya rage mata: wata ƙaramar likita da ta koyar tun tana ɗaliba, wadda ta zauna don ta ƙware a wannan fanni. 'Yan ajinsu suna ce mata Ta-ɗaya, domin tun da ta shiga makaranta ba ta taɓa zuwa ta biyu ba. Hannunta a natse yake, kanta kuma ya haddace littafi har da lambar shafi.

Da maigida ya matsa, Gwaggo ta ɗauki hutun 'yan kwanaki ta tafi wani gari ganin likitan jijiyoyi, ba ta gaya wa kowa dalili ba. A cikin kwanakin nan aka kawo wani kafinta da ya zamo daga kan rufin da yake bugawa, ya faɗi da haɓa a kan tarin katako. Muƙamuƙinsa na ƙasa ya karye gida biyu, dama da hagu, gaban ya zama yana lilo. Ta-ɗaya ta karɓe shi. Ta yi komai yadda aka koya mata, ta jera haƙoran sama a gaban na ƙasa kamar na Kawu, suka zauna ɗas. Matar kafintan ta koma gida ɗebo kaya a lokacin. Ta-ɗaya ta dubi aikinta ta ga ba abin da ya rage da za a tambayi wani, ta murɗe wayar ƙarshe.

Gwaggo ta dawo da labarin da ba ta so ji ba: rawar hannun ba mai tafiya ba ce, magani zai rage ta ne kawai. Da Ta-ɗaya ta ba ta rahoton kafintan, an riga an sallame shi. A da, da sai ta ce a kira mata shi ta gani da idonta. Ranar nan kanta a cike yake, ta ce madalla, ta wuce ofis.

Da lokacin kwance wayar ya yi, kafintan ya dawo da matarsa, ya rame, idanunsa sun faɗa, yana ɗokin ranar da zai tauna nama. Aka kwance. Ya buɗe baki da ƙyar, ya rufe. Matar ta karkata kai tana kallonsa.

"Likita, ya yi kyau kam," ta ce. "Amma wannan ba haɓar mijina ba ce. Shi nasa haƙoran ƙasa ne a gaba. Duk gidansu haka suke, har ƙannensa."

Babbar nas ta gutsuro burodi ta ba shi. Ya sa a baki ya yi ta juyawa. Haƙoran gaba suna haɗuwa, amma turamen baya, waɗanda ke yin tauna, ba sa taɓa juna. Aka kira Gwaggo. Ta zauna a gefensa, ta ɗaga leɓensa, ta daɗe tana kallo. A gefen wani haƙori na sama akwai ɗan gurbi, a na ƙasa ma akwai irinsa.

"Malam, a baki kake riƙe ƙusa in kana aiki?"

Ya gyaɗa kai.

Shekarun da ya yi yana cizon ƙusa su suka sassaƙa waɗannan gurabe, kuma da can suna fuskantar juna ne. Yanzu na ƙasan ya koma baya. An tura gaban muƙamuƙin ciki don ya dace da littafi, ƙashin kuma ya kama a haka. Gwaggo ba ta waiwayi Ta-ɗaya ba. Ta dubi kafintan ta ce, "Malam, mun ɗaure ka ba daidai ba. Laifinmu ne, ba naka ba. In ba a gyara ba, ba za ka ƙara tauna abin kirki ba. Gyaran kuwa sai an sa ka barci an sake raba ƙashin an mayar da shi mazauninsa. Ka yi haƙuri, ka yafe mana."

Mutumin ya runtse ido. Matar ta ce, "Wato mu koma farko?" Gwaggo ta ce, "Ku koma farko."

Washegari Ta-ɗaya ba ta zo aiki ba. Kwana ya bi kwana, sai ta aiko wa babbar nas cewa za ta nemi a mayar da ita sashen cike haƙori, ita da muƙamuƙi har abada. Gwaggo ta rufe ƙofar ofis, ta ɗauko Kawu da filaya da guntun waya, ta gwada zura wayar tsakanin haƙoransa. Bakin filayar ya riƙa kaɗawa, wayar ta ƙi shiga. A cikin ƙashin muƙamuƙi akwai wata jijiya da ke kai ji ga leɓen ƙasa. In zarton tiyata ya goce kaɗan ya taɓa ta, leɓen mutum ya mutu ke nan, yawu ya riƙa zuba bai sani ba. Ta san za ta iya shiga ɗakin tiyata, ba mai hana ta, ba ma wanda ya san abin da ke faruwa. Ta kuma san ba za ta yi wa bawan Allahn nan haka ba. Babbar nas ta ce da ta leƙo, ta tarar da ita zaune ta ɗora hannun dama a cinya ta danne shi da na hagu, kuma a duk zamansu ranar ce ta fara ganin hawayenta.

Da yamma ta sa maigida ya kai ta gidan su Ta-ɗaya. Uwar yarinyar tela ce, suka same ta a tsakar gida tana taka keken ɗinki. Ta tashi da sauri tana kakkaɓe zare daga zaninta.

"Malama, ke da kanki? Ai da kin aiko. Ga ta can a ɗaki, ba ci ba sha. Na yi faɗan, na yi lallashin, na gaji."

Ta-ɗaya ta fito idanu a kumbure, ta durƙusa nesa kaɗan. "Malama, don Allah kada ki ce in dawo. Kin faɗa, kin maimaita, na ji da kunnena. Na ga kamar na fi ƙarfin tambaya. Na lalata wa mutum baki."

"Kin lalata," in ji Gwaggo. "Ni kuma da na dawo ban duba ba. In ana rabon laifi ne, kawo kwano in ɗebi nawa. Amma ba wannan ya kawo ni ba. Tashi ki ba ni ruwa, ki cika kofin."

Yarinyar ta kawo ruwa a kofin gilashi, cike har baki. Gwaggo ta karɓa da hannun dama kaɗai, ta miƙe hannun a gabanta, ta riƙe. Ruwan ya fara kaɗawa, ya fantsalo a kan yatsunta, ya ɗiɗɗiga a siminti. Ba ta sauke ba. Ta-ɗaya ta dubi kofin, ta dubi fuskar malamarta, ta kai hannu ta rufe bakinta.

"Wurin likitocin wannan hannun na je ranar da aka kawo kafintan nan," in ji Gwaggo. "Ban gaya wa kowa a asibiti ba sai ke. 'Yar nan, wannan hannun ya gama aikinsa. Idona yana nan, kaina yana nan, amma ba zan sa zarto a fuskar mutum ba. In kin koma cike haƙori, ba wanda zai zage ki, aiki ne mai kyau. Sai dai kafintan nan zai ci gaba da shan romo har ya samu layi a wani gari, in ya samu. Wanda zai faɗo gobe ma haka."

"Malama, in na sake kuskure fa?"

"Za ki sake, wata rana, a wani wurin. Duk mai aiki da hannu yana yi. Amma wannan kuskuren kam kin gama da shi, ko a mafarki ba za ki ƙara ɗaure baki ba ki tambaya ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba."

Uwar ta karɓi kofin daga hannun baƙuwarta, ta goge mata yatsu da gefen mayafi. Ta juya ga 'yarta ta ce, "Ni in na yanka yadin mutane ba daidai ba, ba na rufe shago. Zama nake in farke in sake. Tashi ki wanke fuskarki."

Abu na farko da Ta-ɗaya ta yi da ta koma shi ne ta je ta tsaya gaban kafintan da matarsa ta ce ita ce ta yi ɗaurin, ta roƙi gafara, ta kuma gaya musu ita ce za ta yi gyaran in sun yarda. Matar ta ɗaure fuska. Gwaggo ta ce, "Zan tsaya a bayanta daga farko har ƙarshe. In da ɗana ne a kwance, ita zan ba." Kafintan ya yi magana ta gefen baki, ya ce shi ma ya taɓa kafa ƙofa a juye, kuma shi aka kira ya gyara, don shi ya san inda ya buga ƙusoshin. Daga nan Ta-ɗaya ta ɗauko Kawu ta ɗora a cinyar matar ta ce ta nuna mata. Matar ta yi dariyar da ba ta shirya ba, ta kama haɓar robar ta turo ta gaba, ta ɗan karkata ta hagu, ta ce, "Haka. In yana fushi ma ya fi haka."

Ɗaliban da suka kalli tiyatar ta gilashi sun ce abin da suka fi tunawa shi ne hannuwan Gwaggo. Ta wanke su, ta sa safar hannu kamar kullum, sannan ta harɗe su a ƙirji ta tsaya a bayan kafaɗar ɗalibarta. Wanda ya san ta ya san wannan tsayuwar ta fi mata kowace tiyata wuya. Da aka zo kusa da jijiyar, Ta-ɗaya ta tsaya.

"Malama, nan?"

"Ke me kika gani?"

Ta-ɗaya ta sake dubawa, ta matsa da bakin zarton kaɗan.

"To, bismillah," in ji Gwaggo.

Da ƙashin ya rabu, Ta-ɗaya ta jawo gaban muƙamuƙin a hankali har gurbin ƙusa na ƙasa ya zo daidai da na sama, turamen baya suka zauna a kan juna. Sai a lokacin Gwaggo ta saki numfashi, ta ce wa nas ta kawo mata kujera.

Makonni suka sake shuɗewa. Ranar da aka kwance shi karo na biyu, ɗakin ya cika da ɗalibai. Kafintan ya buɗe baki, ya rufe, haɓar nan ta turo gaba yadda Allah ya yi ta. Ta-ɗaya ta taɓa leɓensa na ƙasa da auduga ta ce yana ji? Ya ce yana ji. Matar ta zagaya ta dube shi ta dama, ta dube shi ta hagu, ta tafa hannu.

"Alhamdu lillahi! Muninsa ya dawo!"

"Da shi kika gan ni kika ce kina so," in ji kafintan, yana tauna burodi da ƙarfinsa.

Ɗaki ya ɗauki dariya. Ta-ɗaya ta juya ta fuskanci bango tana share ido. Gwaggo ta bar ta ta gama, sannan ta ce, "Likita, akwai mutane a benci." Ranar ce ta fara kiranta da wannan suna.

Ke ce, Gwaggo, kika koya wa ɗaruruwan matasa cewa baki na mai shi ne, a tambaye shi kafin a taɓa. Ke ce kika tsaya gaban talaka kika ce mun yi kuskure, alhali kina iya lulluɓe shi da manyan kalmomin da ba zai gane ba. Da hannunki ya gaza, ba ki ɓoye shi a aljihu kin ci gaba da yanka mutane don kare girmanki ba. Kin miƙa shi a fili gaban yarinyar da kika haifi kamarta, ruwa yana zuba, don dai aikin ya rayu. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiya, ya sa ki ci gajiyar abin da kika shuka.

Ku kuma masu sana'a a hannu, likita ne kai ko makaniki, ungozoma ce ke ko tela, ku dubi matar nan ku yi koyi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku jawo na baya kusa tun hannunku yana jin maganarku, ku bar su su taɓa aikin, kuma ranar da suka ɓata kada ku bari kunya ta kore su. Ku bi su har gida.

Maigidanta ya ba mu labarin abin da ya faru a makon da ya wuce. Da hantsi suna zaune rediyo ya ce wata motar haya ta kife a babbar hanya, an kwashi mutane da yawa zuwa asibitin koyarwa, wasu da raunuka a fuska. Gwaggo ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta sa takalmi, ta ɗauko mayafi, ta dawo ta zauna a bakin kujera da wayar salularta a cinya. Rana ta take, ta karkata, inuwa ta cika tsakar gida. Ba wanda ya kira.

"Likita," in ji maigida, "da alama fa sun manta da ke."

Ta dubi wayar ta ɗan jima. Sannan ta sunkuya ta cire takalmin, ta jera su a gefen kujera.

"Shekara talatin ina neman wannan ranar," ta ce. "Zuba mini shayi. Kada ka cika kofin."